Na'urarka lafiyarta ƙalau

Baban yara,

Ɗazu kana barcin rana na kai na'urar kunnenka wurin mai gyara, tunda wata biyu ke nan ina magana kana cewa ta lalace. Ya goge ta, ya sa sabon batir, ya ce lafiyarta ƙalau, za ta ƙara shekara uku in ruwa bai shige ta ba. Makunninta ne kawai ya sha taɓi har ya koɗe. Ashe kashe ta kake yi in na shigo.

Tana cikin gwangwaninta kan taga. Ka riƙa cire ta kafin alwala, ba na nan balle in tuna maka.

Na tafi gidan Yaya kwana biyu. Ka yi haƙuri da rubutun, na ga ita takarda ba ta da makunni.

Maman yara