Hasumiyar da Ka Zana wa Mama Ladi

Assalamu alaikum Baba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

An rushe tsohuwar hasumiyar cocin su Mama Ladi maƙwabciyarmu, wai za a gina babba. Ka san idonta ya tafi tun kana raye. Da labari ya iske ta sai ta daina zuwa coci, abinci ma sai an yi da gaske. Ta ce ta laluba a zuciyarta ta rasa kamannin ginin, alhali a gindinsa marigayi mijinta ya fara yi mata magana. Na tsorata da ramar da ta yi.

Sai na tuna farantin tagullar da ka yi mata wata Kirsimeti. Ka yi ta zama a tsallaken titi kana kallon hasumiyar, da ƙusa da 'yar gudumarka, 'yan gulma na cewa me ya kai Banufe mai sallah ƙofar coci. Inna tana mitar ƙwanƙwasa, ni ina cewa wa zai duba zurfin layi. Kai dai amsarka ɗaya: zanen da bai shiga ba, wanki ɗaya zai tafi.

Na zaƙulo farantin a bayan kwanukanta ya yi baƙi ƙirin, na dirje shi da toka da lemun tsami. Ashe haka ka iya, Baba. Layukan bango a miƙe kamar zaren saƙa, inuwa kuma da ƙananan layuka masu haye juna ka fitar da ita. Har tsagin da ke ƙarƙashin tagar ƙararrawa ba ka rufa masa asiri ba. Halinka ke nan, ko gini ba ka yi wa kara.

Na ɗora mata a cinya. Yatsanta ya taso daga ƙofa a hankali, ya hau, ya tsaya cak a tsagin. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "A nan tsuntsaye ke sheƙa. Mijina ya ce in duba sama, ashe don ya samu ya kalle ni ne."

Ran Lahadi ni na ɗaura mata ɗankwali, jikarta ta riƙe mata hannu suka tafi.

Na gode da ka zurfafa, Baba. Ta ce idan na tashi yi maka addu'a in gaya maka ta gani.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sa aljanna ce makomarka.

'Yar autarka,
Fati