Hanyar da Muka Gyara wa Baƙo

Zuwa ga ƙanwata Burul,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Naryn. Mu alhamdulillahi, dabbobi sun sauko daga tsauni da ƙiba.

Albishirinki! Jami'in lafiya ya zo duba ko ƙauyenmu ya cancanci ungozoma. Kin san dokar: duk ƙauyen da ya fi tafiyar awa guda daga asibiti, sai gwamnati ta ajiye masa ita. To, ba mu ji kunya ba. Na fitar da matasa suka cike ramukan hanya, suka jera itatuwa a mashigar rafi, motarsa ta shigo sumul. Na yanka rago, na ajiye masa kan a gabansa, ya sha nonon goɗiya har ya sassauta ɗamara. Da ya tambayi damuwarmu na ce, "Wace damuwa kuma? Ci nama, baƙona!" Ya tafi yana sa mana albarka.

Meerim, matar ɗana, tsakiyar sanyi za ta haihu. Kin ga ungozoma za ta zo a kan gaɓa.

Yayanki,
Toktosun

Yaya Toktosun,

Ina gaishe ka da girmamawa, amma raina a ɓace yake. Maƙwabciyata a ofishin lafiya take aiki, ta faɗa mini abin da baƙonka ya ce: hanya kamar tafin hannu, ko awa bai yi ba, mutane kuma ba su da wani kuka. An ce ba ku bukatar ungozoma.

Haba Yaya! Mutum ya zo ganin ciwonka, ka rufe da sabuwar riga? Ka manta a kan wannan hanyar matarka Saikal ta cika, tana naƙuda, doki na jan ta bisa katako cikin ƙanƙara? Ni ban manta ba, ni na riƙe kanta.

Na je ofishin na zauna har suka gaji da ganina. Za su turo wata likita bayan ƙanƙarar farko. Don Allah kada kowa ya taɓa hanyar nan, ko da tsinke. A gaida Meerim, kada ta ɗauki abu mai nauyi.

Ƙanwarka,
Burul

Burul,

Gaisuwa. Bakinki tun kina yarinya ya fi wuƙa kaifi, amma na bi maganarki.

Ranar zuwan likita na zauna a ƙofar gida na naɗe hannu. Maƙwabcina tsoho Asanbek ya leƙo ta katanga ya ce, "Toktosun, baƙuwa na tafe kana zaune kamar sabuwar amarya? Da ubanka na raye da ka sha bulala!" Na ce, "Koma ka sha shayinka, tsoho, yau ni ne mai gari." Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Motarta ta kafe a rafi. Na ɗaura wa doki katakon nan dai, na je na ce, "'Yata, kwanta. Wannan ce motar asibitinmu." Ta yi dariya ta kwanta. Kafin mu hau tudu dariya ta ƙare, ta riƙe igiya da hannu biyu. Ta ce, "Baba, haka matanku ke zuwa haihuwa?" Na ce, "Waɗanda suka kai da rai." A kwanar dutse na tsayar da doki, na nuna mata wurin, na faɗi sunan Saikal. Rabona da faɗinsa a gaban baƙo tun ranar da muka binne ta. Na yi kuka, ban kuma ɓoye fuskata ba.

Kada ki yi faɗa: rago dai na yanka. Amma sai da ta gama tambayoyinta, na amsa kowace da gaskiya. Ina da yaƙinin wannan karon za a ji mu.

Yayanki,
Toktosun

Burul,

Gaisuwa a gaggauce, direban motar share ƙanƙara na jiran wasiƙar. Ungozoma ta zo tun kafin hanya ta toshe, mun ba ta ɗaki kusa da makaranta. Jiya Meerim ta sauka lafiya a kan gadonta, dokina na ɗaure a garke yana cin ciyawa.

Mace ce, mun sa mata sunan kakarta. Ki zo da bazara ki ɗauki Saikal.

Allah ya saka miki,
Toktosun