Gyaɗa a Filin Malam

Gaya, daren Talata, kakar 1974

"Yaya, muddin ina numfashi ba mai shanya gyaɗa a filin ƙwallon kwandon Malam." Haka Sani, ƙanen marigayi mijina Malam, ya rantse ranar sadakar bakwai. Yau gyaɗarsa ce shimfiɗe har gindin kwando.

Amma da wane baki zan yi faɗa? Ni na zuga Dogo, gwanin ƙungiyarmu, ya koma ƙungiyar Kano, sauran suka bi shi. Shekara tara ina saƙa ragar kwandunan nan da igiyar rama, ƙarshe bakina ya watsa ƙungiyar.

Na ba Sani zuwa Juma'a ya kwashe. In ya ƙi, zan sa a cire kwandunan in kai wa 'yan wasan Ajingi. Ba su taɓa cin mu ba, amma har yau suna wasa.