Tuwon da Ya Tsaya wa Baba

Laraba, bayan isha'i, Ƙaura Namoda

Yau muka dawo da Baba daga asibiti. Ciwon daji ne a hanyar abinci. Likita ya tambaye shi tun yaushe tuwo ke tsaya masa a ƙirji, sai Baba ya ce, "Da sauƙi, ɗana." Ashe shi ya sa tun kaka ya koma fura zalla, mu kuwa muna ta cewa gajiyar gona ce.

A mota na karanta a waya cewa likitocin China na duba ko masu danne damuwa da fushi sun fi kamuwa da wannan ciwon. Ban san gaskiyar abin ba, amma Baba ne ya faɗo mini a rai. Ranar da aka kore shanunsa a hanyar Zurmi ko tsaki bai yi ba, kowa na yabon haƙurinsa. Har ni.

Na ce, "Baba, don Allah mi ya hana ka faɗi?" Ya ce, "Namiji ka kai ƙarar maƙogwaronai?"

Haushi ya hana ni cin abinci. Ɗazu Yaya Hadiza ta kira daga Shinkafi, tana tambayar jikin Baba. Na buɗe baki in faɗa mata komi. Sai na ji kaina ina cewa, "Da sauƙi."