Filin da Baba Ya Ba Mu a Koki

Zuwa ga Zaituna, sanyin idanuna, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randata ranar ƙishirwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da Babanki ya ce kada in sake taka zaurenku.

Kin tuna yammacin da ruwan fari ya tsare mu a zauren nan na Yakasai? Kika lumshe ido kika ce kai, ƙasa akwai ƙamshi! Na ce miki ai numfashi take yi, tana shaƙar wata iska tana fitar da wata, kuma aikina ke nan a jami'a, in kifa mata mazubi in auna abin da ta fesar. Kika yi ta dariya, wai za ki auri mai sauraron numfashin ƙasa. Wayyo Zaituna, ashe aikin nan ne zai shiga tsakaninmu!

Filin da Baba ya ba mu a Koki mu gina ɗakinmu, tsohon kududdufi ne da aka cike da shara aka rufe da jar ƙasa. Don ɗoki kawai na kifa na'urata a kai. Sai ta nuna sharar tana ruɓewa a ƙarƙashi, tana turo wata iska da ido ba ya gani, wadda idan ta taru a rufaffen ɗaki ƙyastun ashana ɗaya ya ishe ta ta kama da wuta. Na faɗa wa Baba cikin ladabi. Shi kuwa abin da ya ji, ɗan boko ya raina kyautarsa, ya kira filin gadonsa juji.

To yaya zan yi, farin watana? In ja bakina a ɗaura aure, in kai ki ɗakin da za ki zuba garwashi a kasko ki kunna turaren wuta, ki rufe taga kamar kowace amarya? Wallahi ba zan iya ba.

Don Allah ki je wajen Gwaggo 'Yardada, ita kaɗai Baba yake jin maganarta. Ta roƙe shi ya zo filin ya ga abin da na'urar take nunawa da idonsa. Ko ɗakin haya ne a lungun Ƙofar Nassarawa, in dai da ke, ya ishe ni.

Idan kuma ya ƙi, ki yafe mini, masoyiyata. Gara in rasa ki kina raye da in same ki a wannan ɗaki.

Naki da amana har ranar da za a kai ni makwanci,
Abdulhakeem