Tawul a Kan Ido

Sansani, 4 ga Maris, 2023

Zuwa ga Mama Keturah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Rumde. Ni ne Salihu, mai kula da tafkin kifin adon Baba Nicodemus kafin 'yan bindigar daji su kama ni a Mubi. Ina raye. Na gudo daga daji bara, yanzu ina sansanin da ake tsare waɗanda suka miƙa wuya. Na ji rasuwar Baba. Allah ya ba ki haƙuri.

Mama, an ce ba za a sallame ni ba sai wani babba ya sa hannu cewa ya san ni, kuma zai karɓe ni. Uwata ta rasu, ƙannena sun ƙi amsa waya. Ke kaɗai kika rage mini. Ga takardar nan a ciki.

Kifin nan koi, suna nan kuwa? Jan-kai tana raye?

Naki, Salihu.

Jimeta, 19 ga Maris

Salihu,

Na gaishe ka. Kai! Sai da na zauna a ƙasa na karanta wasiƙarka. Shekara tara, mun riga mun sa ka cikin matattu.

Kifi suna nan, saura bakwai, a'a, shida. Jan-kai ta kai tsawon hannuna, ga ci kamar akuya. Amma simintin tafkin ya tsage, ruwa na zurarewa, kuma magini ya ce ba zai taɓa ba sai an kwashe su. Shekaranjiya na sa raga na ɗago guda, ta yi ta fizga har fiffikenta ya yage, ta faɗo kan siminti. Kafin azahar ta juya ciki sama. Na yi kuka kamar wata marar hankali, don su kaɗai ne abin da mutumin nan ya bari mai numfashi.

Kai da shi kuke wannan aiki, ni kallo nake daga kicin. Rubuto mini yadda ake yi. Takardarka tana cikin Littafina Mai Tsarki, ran Lahadi mai zuwa zan nuna wa Abednego, ƙanin marigayi, sai in sa hannu.

Ka ci abinci sosai.
Keturah.

Sansani, 2 ga Afrilu

Mama,

Bayan gaisuwa da ban girma. Na gode, Allah ya saka.

Ba a ɗaga koi da raga, Mama. Nauyinta ne ke karya ta. Ki hana su abinci kwana biyu. Ki yi aikin da safe kafin rana ta yi zafi. Ki cika babban baho da ruwan tafkin, ba na famfo ba, ki nutsar da bakinsa cikin ruwa. Raga ta kora ce kawai: ki sa ta a gaban kifin, kada ki bi ta baya, ki juyo da kanta a hankali har ta shiga bahon da kanta. Ki cire zobe, ki jiƙa hannu, don busasshen hannu na goge yauƙin jikinta, ciwo ya shiga.

In ta firgita tana dukan baho, ga abin da Baba ya koya mini. Ki jiƙa ƙaramin tawul ki shimfiɗa mata a kan ido. Kada ki ɗaure, shimfiɗawa kawai. Ki tallafe ta da hannu ɗaya a ƙirji. In ba ta ganin abin da ke zuwa, sai ta kwanta.

Ina ƙirga kwanaki, Mama.

Ɗanki, Salihu.

Jimeta, 16 ga Afrilu

Salihu,

Gaisuwa. Na kwashe su duka shida, ko ɓawo ɗaya bai fita ba. Jan-kai ce ta yi gardama, na shimfiɗa mata tawul, ta yi lamo a hannuna. A nan ne na tuna wani tawul ɗin.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a unguwa ba. Nicodemus ya tafi Michika ɗauko tsohuwarsa, aka tare su a hanya. Abednego ne ya je da maharba suka ɗauko gawarsa. Mutum goma sha ɗaya a bakin kwalta, kowa fuskarsa a buɗe, ƙuda na bi. Shi kaɗai aka shimfiɗa wa tawul a kan ido. Ba a ɗaure ba. Tawul ɗin motarsa ne, mai ratsin kore, yana cikin akwatina.

Shekara tara ina cewa, ko cikin mutanen nan akwai mai tausayi guda. Kowace safiya ina yi masa addu'a ban san sunansa ba.

Ka ce ka "ji" rasuwar Baba. A bakin wa ka ji? Kada ka yi mini kwana-kwana, Salihu, na san rubutunka in kana ƙarya tun kana rubuta mini cefane.

Keturah.

Sansani, 1 ga Mayu

Mama,

Ina gaisuwa, in kin yarda ki amsa.

Ban ji a bakin kowa ba. Ina wurin. Sati uku da kama ni suka kai ni shingen da suka kafa a hanyar Michika. Da aka fito da Baba daga mota na sunkuyar da kai, amma ya gane ni. Ya ce, "Salihu, kai ne? Mamanka na nemanka." Shugabanmu ya ji. Ya ce tunda na san shi, ni zan yi, ko a kwantar da mu tare.

Baba na rawa, Mama, duk jikinsa. Na roƙi minti ɗaya. Na ɗauko tawul a mota, na jiƙa da ruwan jarka, na shimfiɗa masa. Na sa hannu a ƙirjinsa har numfashinsa ya daidaita. Ya san abin da nake yi, don ya ce, "Yauwa, haka."

Ni ne. Na ji tsoron mutuwa, na zaɓi kaina. Ban gaya wa masu tambaya a nan ba. Da na rubuta miki maganar tawul, na san za ki iya ganewa, amma hannuna ya ƙi tsallake ta, don Jan-kai za ta ji ciwo.

Salihu.

Jimeta, 20 ga Mayu

Salihu,

An gyara tafkin, kifi sun koma.

Ga takardarka, ban sa hannu ba. Ga kuma tawul ɗin, ba na son sa a ɗakina.

Addu'ar shekara tara ta riga ta tafi, ba ni da yadda zan karɓo ta. Ka riƙe ta, ita ce rabonka a gidan nan.

Keturah Nicodemus.