Layin Masu Jiran Tiyata

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan. Bayan haka, an dakatar da ni daga aiki.

Kin san manhajar da na rubuta wa asibitin nan, mai jera masu jiran tiyatar ƙoda. Mazubin da ke riƙe sunayen a cikin manhajar ba ni na ƙirƙira ba, a shirye yake zuwa tare da yaren kwamfutar, babbar lamba kawai ya iya ɗorawa a sama. Ni na rubuta masa ma'auni: wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ne gaba, in sun yi kunnen doki sai a duba wanda ya fi daɗewa. A teburin ɗakina na koya miki wannan, kina hamma kina cewa na cika surutu.

Jiya aka gano an yi wa ma'aunin ƙari: duk wanda aka gwada katinsa da na Baba, Baba ne sama. Daga na goma sha ɗaya a layin ya koma na farko, har aka yi masa tiyatar. Da lambar sirrina aka shiga, kuma ni da ke kaɗai muka san ta. Kwamiti zai zauna ran Alhamis. Ki ce min ba ke ba ce.

Ki gaida gida.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ce, ranar da na zo aron caja kina wanka na buɗe kwamfutarki.

Ƙafar Baba kamar turmi, ke kuma kina ta cewa ma'auni ba ya son kai. To ni ina so, ubana ne. Da na bi ta taki, da yanzu gaisuwar rasuwa muke karɓa. Amma don girman Allah kar ki ambace ni. Cikina wata bakwai, in maganar ta fita babu mai sake ba ni aiki. Ke babba ce, za su ji nauyinki.

Ki yafe min.
Ƙanwarki

Auta,

Na ga takardarki, ina amsa gaisuwa. Na ce musu ni ce. Ba su ji nauyina ba, a bakin ƙofa suka karɓe katin aikina.

Wadda ke kan gaba kafin ki taɓa layin, wata malamar makaranta ce. Ran Talata aka binne ta. Mijinta ya zauna a bayana a zaman kwamitin har aka tashi.

Kin cuce ni, Auta, kuma da hannuna na koya miki yadda za ki yi. Baba yana samun sauƙi, yana ta tambayar ki. Ki zo ki duba shi ranar da ba na nan.

Ki huta lafiya.
Yayarki